Surukina da Cibiyar Itace

Da muka dawo daga maƙabarta, tabarmi aka shimfiɗa wuri biyu a ƙofar gida. A gindin darbejiya dattawan ikilisiya suka zauna da littattafan waƙa a cinya. A jikin bangon rumfar aiki kuma ƙanen mamacin ne, wanda muke kira Baffa, da mutanen masallacinsu. Duk wanda ya zo sai ya tsuguna a nan, ya tashi ya tsuguna a can, a ce masa an gode. Mu mata muna cikin gida, amma zaurenmu gajere ne, maganar waje tana shigowa.

Wani Alhaji dillalin auduga ya zo daga Funtua. Na ji yana cewa gadon da marigayi ya yi masa tun ana kashe fam da sule har yau bai taɓa yin ƙara ba. Tsofaffin mata suka zo a ƙasa daga wajen Danja, ɗaya ta kwance bakin zanenta ta nuna mini mazarin kaɗi da ya yi baƙi don daɗewa, ta ce shi ya feƙe mata, kuma ya ƙi karɓar komai. Wani mutum da kuturta ta cinye wa yatsu ya zauna can nesa, bai shiga ko wace tabarma ba. Shi ne marigayin, surukina da muke kira Baba, ya yi wa ƙotar fartanya mai maɗauri, wadda yake ɗaurawa a wuyan hannu yana noma. Ya daɗe a zaune, ya tafi.

Fasto a wa'azinsa ya kira shi bawan Allah mai tawali'u. Da ya faɗi haka na dubi surukata, Inna, matar marigayin. Ƙasa take kallo. Fasto baƙo ne a garinmu, tsoho makaho ya tarar, bai san mutumin da muka sani ba. Wata maƙwabciya kuma ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ya huta, ke ma kin huta."

Cikin duk masu gaisuwar nan babu wanda ya ambaci mijina. Na san kirki ne ya sa suka yi shiru. Amma in aka cire mijina daga labarin Baba, abin da ya rage labarin wani mutum ne daban, mai santsi, wanda ban taɓa zama gida ɗaya da shi ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don jikokinsa su san kakansu yadda yake.

An kawo ni gidan daga wajen Maska ina amarya, lokacin Baba yana da sauran ƙarfi. Dogo ne, mai kaurin wuya, muryarsa tana kaiwa bayan gari. Ubansa masassaƙi ne mai turame da kujerun mata. Shi kuma yana saurayi gyambo ya kai shi asibitin mishan, ya daɗe a can, ya saba da wani kafinta da ke yi musu aiki. Ya dawo gida da sabon addini da sabuwar sana'a. Ƙanensa daga baya ya musulunta. Ba su taɓa yin gardamar addini a gabanmu ba, gardamarsu ta gona ce da ta iyaka, kuma kullum Baba ke cin ta da ƙarfin murya.

Abin aikinsa keken sassaƙa muke ce masa. Doguwar gada ce ta katako mai kauri, da tsinin ƙarfe biyu suna kallon juna, ɗaya a kowane ƙarshe. Tsakaninsu ake maƙale gungumen itace. A gefe akwai babban wili da ya kusa tsayin mutum, an haɗa shi da bel na fata. Mutum ɗaya yana juya wili, itace yana wulwulawa, ɗayan ya kafa cizal, wato ƙarfen sassaƙa mai kaifin baki, a kan matokari yana fere shi har ya zama ƙafar gado ko taɓarya ko ƙafar teburi. Mai juya wilin mijina ne, ɗan farin Baba. Saboda kunyar ɗan fari, Baba ba ya faɗin sunansa. "Wancan" yake ce masa, ko ya yi gyaran murya kawai.

Kafin a juya komai sai an nemo cibiyar itacen, kuma wannan aikin Baba ne shi kaɗai. Zai yanke kan gungumen da zarto har fuskar ta miƙe. Ya shafa wa zare gawayi, ya ja shi daga baki zuwa baki ta inda ya fi faɗi, ya ɗaga ya saki, layi ya fito. Ya sake gitta wani, ya sake. Inda suka haɗu ya kafa ƙusa ya buga. Haka zai yi a ɗaya kan. Sannan a ɗora a keke, ya juya da hannu a hankali ya saki. In gungumen ya tsaya inda aka bar shi, cibiya ta yi. In ya mirgina da kansa wani gefe ya faɗo ƙasa, nauyi ya karkata ke nan, sai a sauke a gyara, ko a rage gefen da gizago. Bayan haka ya daidaita matokari da tsayin tsinin ƙarfe, ya kai bakin cizal ya taɓa fatar itacen, ya ja alama a jikin gada. Daga alamar nan kowane awo yake farawa, na kauri da na tsawo.

Yakan ce wa masu tsayawa kallo, "Baƙin ɗigon nan da kuke gani a tsakiya zuciyar itace ce, ba cibiya ba ce. Bishiyar da ta girma a karkace zuciyarta gefe take. Wanda ya bi ta da ido bai auna ba, ya ɓata icce."

Ba mutum ne mai sauƙi ba. Na taɓa ganin ya gama ƙafafun gado huɗu, ya jera su a ƙasa, ya ga ɗaya ta ɗan fi sauran kauri, abin da mai gadon ma bai gani ba. Mai gadon yana cewa a bar ta, shi ta yi masa, Baba ya ɗauke ta ya shigo gida ya cusa a murhun Inna. Mutumin ya tafi da fushi, ya dawo da kansa bayan kasuwa biyu. In ya yi wa tsohuwa mazari kyauta, ta tsaya godiya, sai ya kore ta, ya ce tana tare masa haske. Yana cin tuwonsa shi kaɗai a zaure. A majami'a shi ke tayar da waƙa, in wani ya riga shi, sai ya tayar da tasa a sama har wancan ya yi shiru.

Ni ce mai kai masa abinci, don haka ina cikin waɗanda suka fara gane cewa idonsa ya soma tafiya. Zan ajiye ƙwarya a damansa, ya miƙa hannu ya dafa ƙasa a gefenta. Mutum zai yi sallama, sai ya jira ya ƙara magana kafin ya amsa da sunansa. Inna ta riga ni ganewa. Wata rana da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida na ji su a ɗaki.

"Ka bar yaron nan ya riƙa buga ƙusa," in ji ta. "Ya girma, yana da 'ya'ya uku."

"Wa ya ce miki ba na gani?"

"Ba a faɗa mini ba. Tare muke kwana, tare muke tashi."

"Ki tsaya a murhunki. Ranar da na kasa buga ƙusa, ranar ku haƙa mini rami."

Na faɗa wa mijina. Ya ce ya sani tun bara. Na ce to me ya sa bai yi magana ba. Ya ce, "In ce masa me? In ce Baba ka makance?" Dabarar da ya yi ita ce, in Baba ya buga ƙusa suka ɗora itace, sai ya jira tsohon ya zaga bayan gida ko ya shiga shan ruwa, shi kuma ya juya da hannu ya gani. In ta karkace ya sauke da sauri ya gyara. Sun daɗe a haka. Ban sani ba ko Baba ya gane. Ina jin ya gane, ya ga hakan ya fi masa.

A shekarar da auduga ta yi kyau mijina ya sayo tsohon injin niƙa mai shan man gas daga Funtua. Ya gaji da juya wili, kafaɗarsa ta dama har ta fi ta hagu tudu. Yana so su riƙa fere turame da yawa suna kaiwa kasuwa. Baba ya ƙi da farko. Ya ce mai juya wili yana jin itace a hannunsa in ya ƙi, ya sassauta, inji kuwa ba ya jin komai. Suka yi ta ja, har Baffa ya shiga tsakani. A ƙarshe Baba ya yarda, da sharaɗi ɗaya: cibiya tasa ce kamar da.

Ranar da abin ya faru jajiberen kasuwa ne, da hantsi. Na fito musu da fura. Gungumen ƙirya ne a kan keke, babba, na turmi, wanda sai mutum biyu suke ɗagawa. Mai turmin yana zaune a kan benci yana jira, ga wasu mutane biyu 'yan kallo. Baba ya buga ƙusa, sun ɗora, sun ɗaure. A ranar bai zaga ba, bai shiga gida ba, ya tsaya yana hira da baƙon.

Na ga mijina ya dafa gungumen. Ya ce, "Baba, in ɗan juya da hannu?"

Da babu baƙi wataƙila da ya ƙyale shi. Ya ce, "Na riga na juya. Tada inji."

Mijina ya dubi gungumen, ya dube ni. Ya je ya murɗa inji ya tashi, ya ɗora bel, ya dawo ya ɗauki cizal ya tsaya a gaba, inda mai fere yake tsayawa, don tun zuwan inji shi ke yin feren farko.

Juyi na farko keken ya girgiza. Kafin a ce a kashe, gadar ta fara tsalle a ƙasa, ƙura ta tashi, na ji ƙara kamar an fasa ƙofa. Gungumen ya tsage daga tsinin ƙarfe ya taso. A ƙirji ya same shi, ya maka shi da bango.

Inji yana ta aiki, bel yana kaɗawa a banza. Baba bai ga abin da ya faru ba, ƙara kawai ya ji. Ya miƙa hannu yana lalube, ya yi gyaran murya, ba a amsa ba. Ya ce, "Kai, wancan." Ba a amsa ba. Sai ya kira sunansa. Tun da na zo gidan ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Ya yi ta kira, yana rarrafe, har hannunsa ya taɓa ƙafarsa.

Motar auduga aka tsayar a bakin titi, aka kwantar da shi a kan buhuna, kansa a cinyata. Yana numfashi da kyar, jini yana fitowa ta baki. Bai yi wata magana da zan riƙe ba, ruwa kawai ya nema. Kafin mu shiga Malumfashi ya cika. Direban ya tsaya, ya duba, ya juya da mu gida.

Baba ne ya yi akwatin. Wasu kafintoci sun zo za su yi, ya kore su. Baffa kaɗai ya bari, shi da addininsa ba ya binnewa da akwati, ya naɗe hannun riga ya riƙe masa katako. Da tafin hannu Baba yake awo. Ya buge yatsansa da guduma har farce ya fita, bai tsaya ba.

Bayan an binne, magana ta fara yawo a gari. Inji ne. Yaran zamani ne da gaggawa. Tsoho ya hana, yaro ya ƙi ji, ga abin da ya jawo wa kansa. Har a zaman makoki ana faɗa wa Baba haka don a sanyaya masa zuciya. Ni ina ciki ina ji, ga marayu uku a jikina, ba ni da bakin da zan ce ba haka ba ne. Wa zai saurari suruka a kan suruki?

Ran Lahadi, bayan wa'azi, Baba ya miƙe ba a kira shi ba. Ya dafa bencin gabansa. Muryar nan da ke kaiwa bayan gari ba ta fita sosai.

"Ina jin ana cewa inji ne, ana cewa yaron ne. Ku daina. Idona ya mutu tun bara waccan, na ɓoye. Matata ta gaya mini, na ce ta tsaya a murhunta. Ni na buga ƙusa a inda ba cibiya ba. Ya roƙe ni ya juya da hannu, na ce na juya, alhali ban juya ba. Na ji kunyar baƙi ne. Ban tashi don a ce mini an yafe ba. Na tashi ne don kada ɗiyansa su girma suna jin ana cewa ubansu ya kashe kansa da rashin ji."

Ya zauna. Babu wanda ya tayar da waƙa. Shi ma daga ranar bai sake tayarwa ba.

Inna kuwa daga ranar da aka binne ɗanta ba ta sake yi masa magana ba. Ba ta yi yaji ba, ba ta zage shi ba. Ta kwashe kayanta ta koma ɗakin da ke kusa da rumbu. Tana dafa masa abinci kamar kullum, miyarsa daban don ba ya son yaji, tana wanke masa tufafi. Amma in tuwo ya sauka sai ta ce da yara, "Ku ce wa kakanku an gama." In ya yi mata magana ta bar wurin. Dattawan ikilisiya sun zo, matan zumunta sun zo, sun karanta mata ayoyin gafara. Ta saurara har su gama, ta ce, "Na ji." Baba da kansa ya ce su ƙyale ta.

Da kwanakin zaman gida suka ƙare, mahaifina ya zo tafiya da ni. Baffa ya ce ni in tafi, amma yara na gidan nan ne, haka aka gada. Aka zauna a zaure, ina bayan ƙofa.

"Ta tafi da su," in ji Baba.

"Yaya, jininmu ne. In ta yi aure wani ƙato zai riƙa aiken su."

"Na raba su da uba. Ba ni zan raba su da uwa ba."

"To gidan fa? Wa zai rage a cikinsa?"

"Ni da abin da na yi."

Baffa ya fita da fushi, ya daɗe bai tako gidan ba. Na tafi Maska da 'ya'yana, ban yi wa Baba sallama ba, shi ma bai nemi in yi ba.

Ba tausayi ne ya dawo da ni ba. Damina ta ƙi a shekarar, dawa ta bushe tana tsaye, gidan yayana ya cika da bakuna. Masu neman aurena kowa yana so na ba ya son yara. Gonar mijina kuma tana can, ta 'ya'yansa ce. Da bazara na ɗauro kayana muka dawo.

Na tarar an sayar da inji, an mayar da tsohon wili. Baffa ya huce, har ya kai Baba asibitin ido a Kano. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ta mutu, da ya zo tun farko da an tsare abin da ya rage. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Aiki ya tsaya. Ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa.

Wata safiya na fito zan tafi rijiya na gan shi a rumfa, ya tsuguna da guntun marke a tsakanin gwiwoyi, yana ja zare yana shafa itacen da yatsa ko zai ji layin gawayi. Ya kafa ƙusa, ya ɗaga guduma, ya fasa. Ya sake ja zare. Hatsin da ke rumbunmu ba zai kai mu kaka ba, na sani, shi ma ya sani. Na ajiye tulu.

Na ce, "Baba, ƙusar tana gefe. Ka matsar da ita hagu."

Rabon da in yi masa magana tun kafin rasuwar mijina. Sannan ya miƙo mini ƙusar da gudumar.

"Ba hagu ba. Ja naki layin. Kada ki yarda da nawa."

Haka muka fara. Mutane sun yi ta magana, mace a rumfar sassaƙa, kuma da surukinta. Ba mu kula ba. Ni ke nemo cibiya, ni ke juya wili, shi yana fere da ji da taɓawa. Kunnensa ya zama idonsa. Daga ƙarar cizal yake gane inda ya yi tudu. "Uwar yara" yake ce mini. Duk itacen da na ɗora sai ya ce, "Kin juya da hannu?" In ce na juya. Ya ce, "Sake juyawa, in ji." Sai ya ɗora tafinsa a kai yana bi. Ko mazari ne da bai kai yatsa kauri ba sai an yi haka. Kuma bai taɓa bari in tsaya a gaban itace yana juyawa ba, ni ko yara. In ya ji takun yaro a rumfa sai ya ɗaga cizal ya ce a tsaya, har sai an fitar da shi.

Turmi bai sake yi ba. Ƙirya ma in an kawo sai ya shafa ta ya ce a kai wa wani.

Da taɓare da ƙafafun gado da mazarai muka ci abinci a shekarun nan masu wuya, lokacin da sabulu ma sai an yi layi. Da su babbar ɗiyata ta gama makaranta. Ba mu cika hira ba. Wani lokaci in muna hutawa sai ya tambaye ni abin da bai sani ba game da ɗansa: wace miya ya fi so, yana wasa da yara in ya shiga ɗaki, ya taɓa yin ƙorafi a kansa. Nakan gaya masa gaskiya. Na ce ya taɓa cewa yana so ko sau ɗaya ka ce aikinsa ya yi kyau. Baba ya daɗe yana murza cizal a hannu. Ya ce, "Ya fi ni hannu. Na sani tun yana yaro." Ya ce in tashi mu ci gaba.

Bai taɓa neman gafarata ba. Ni ma ban taɓa ce masa na yafe ba. Ban san ranar da na daina jin zafinsa ba, na dai lura wata rana ina tsame masa ƙashi daga miya kafin in kai masa.

Duk ran Lahadi bayan sujada yakan sa jikarsa ta ja masa sanda zuwa maƙabarta. Ba ya shiga. A bakin shinge yake tsayawa, ya tambaye ta ko ciyawa ta rufe kabarin, in ta ce e, ya ce ta gaya mini.

Ciwon ajalinsa tari ne da kumburin ƙafa. Ya kwanta bayan an gama girbi. Ni ke jinyarsa da rana, Baffa yana zuwa da safe ya juya shi, ya yi masa addu'a irin tasa, Baba ya ce amin. Inna tana dama kunu ta miƙo mini daga bakin ƙofa, ba ta shiga. Yana jin takunta, yakan juyo da fuska wajen ƙofar har ta wuce.

Ana gobe zai rasu, da la'asar, ya ce in kira Baffa. Ya ce, "Akwai fili kusa da yaron. Kada ku sa ni nan. Na uwarsa ne. Ni ku kai ni can ƙarshe, wajen shinge." Baffa ya ce ya daina irin wannan magana. Ya ce, "Ka ji dai." Washegari da hantsi ya cika, hannunsa a cikin na ƙanensa.

Samari suka ɗauki diga da shebur suka tafi, Baffa ya nuna musu wajen shinge kamar yadda aka bar masa. Ina tsakar gida ina haɗa ruwan wanka na ga Inna ta fito da sandarta, ta yafa mayafi, ta nufi ƙofa. Na bi ta. Ba ta ce mini in koma ba.

Mun tarar ramin ya kai gwiwa. Ta tsaya a bakinsa.

"Wa ya ce ku tona nan?"

Baffa ya ce, "Shi ya bar wasiyya. Ya ce wancan wurin naki ne."

Ta juya ta dubi kabarin ɗanta da filin da ke gefensa.

"Ku cike wannan," in ji ta. "Ku tona can kusa da shi. Ba ni kaɗai na rasa shi ba."

Samarin suka dubi Baffa. Ya ɗaga musu kai. Ta tsaya a rana, ta dogara da sanda, har suka mayar da ƙasar ramin farko suka fara na biyu. An kawo mata kujera ta ƙi zama.

A hanyar komawa gida muna tafe a hankali, ita gaba ni baya. Mun kusa darbejiya ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Kunun jiya, ya sha?"

Na ce ya sha kaɗan. Na ce ya tambaya ko ita ta dama, na ce masa ita ce.

Ta ce, "To." Muka shiga gida.

Allah ya ba shi hutun da ya hana kansa. Ita kuma Allah ya sauƙaƙa mata kwanakin da suka rage.